Gumaguman Kawu

Daga Allah muka zo, kuma Kawu ya riga mu komawa gare shi, ranar wata Talata, cikin sanyin Riyad ɗin nan mai shiga ƙashi ba sallama. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, mutumin ƙasar Maraɗi. Aikinsa kula da lambun wata istiraha a bayan unguwar Badi'a, irin gidajen nan da masu hali ke ginawa a gefen gari don hutun ƙarshen mako. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana jan tiyo a wurin. Ni in aka tambaye ni cewa nake yi ɗari, don na haƙiƙance shi ya shayar da dabinon farko da aka dasa a garin nan.

Kwana biyar gawarsa ta yi a firjin asibiti tana jiran takarda. Mutumin da bai taɓa makara a sallar asuba ba, sai ga shi ya makara a jana'izarsa. Ran Lahadi bayan la'asar aka sallace shi, aka kai shi, aka kafa masa dutse ba suna, kamar yadda ake yi wa kowa a nan. Daga can muka koma istiraha zaman makoki, don ɗan kafil ɗinsa, wato ɗan ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ce wurin namu ne har kwana uku.

Ni mutum ne mai surutu, kowa ya sani. An taɓa cewa ko a cikin barci ba na barin wani ya gama magana. Amma ran nan kunne na kawo.

Limaminmu ya ce, "Mutumin kirki ne. Ba ya cikin gulma, ba ya cikin rigima. Sai dai fa wasan nan nasa da ƙwari." Ya yi jim kamar mai neman hukuncin abin a littafi, bai samu ba, ya shafa fatiha.

Wani tela ɗan Damagaram ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, ya huta da rina." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki, wadda ake haɗiye rabinta.

Ɗan kafil ya zo da katan-katan na ruwa da dabino. Ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya yana kuka, yana cewa Ammi, wato Kawu, shi ya koya masa tafiya a kan ciyawar nan. Ban ƙaryata hawayensa ba, na gaske ne. Amma na ga idon da ke zubar da su yana auna kusurwar bayan lambu, inda ya daɗe yana son haƙa wurin ninƙaya.

Matar Kawu ta aiko da saƙon murya daga gida, ɗansa ya kunna mana. Ɗan nan nasa taubashina ne, ɗan dako a kasuwar Batha, tun muna yara muke zagin juna don nishaɗi. Ta yi addu'a, ta yi wa jama'a godiya, sannan ta ce, "Shekara shida yana turo mini hoton ƙuda. Na duba wayata kaf, hotonsa shi kansa guda biyu ne, ɗayan ma rabin fuska."

A taron akwai wani likitan ido ɗan Zariya, abokin Kawu, wanda duk muke kira Likita. Da zai tafi ya ja ni gefe.

Ya ce, "Gumaguman fa?"

Na ce, "Suna nan, Likita. Juma'a zan kwaso su."

"Haka ka ce mini wancan makon."

"Wannan Juma'ar ta fi waccan ƙarfi."

Bai yi dariya ba. Ya shiga motarsa.

Gumagumai tara ne na busasshen ɓaure, a jingine da katanga a kusurwar nan da ɗan kafil ke aunawa. Su Kawu ya bar mini amana, kuma saboda su nake wannan rubutu. Liman ya faɗi nasa, tela ya faɗi nasa, in ban faɗi nawa ba, abin da zai rage na Kawu shi ne wani tsoho da ya yi wasa da ƙwari.

Abin da ke cikin gumaguman ƙudan zuma ne, amma ba wanda muka sani ba, mai amya da saƙa. Wannan ƙato ne, ya kai kan babban yatsa. Macen baƙa ce wuluk, da rawaya a kafaɗa kamar ta yafa gyale. Ba su da runduna, ba su ba da zuma ko ta lasa. Macen ke huda busasshen itace, rami zagayayye kamar an sa inji, ta yi 'ya'yanta a ciki. In ta wuce ta kusa da kunnenka sai ka waiga neman babur. Mu duka rina muke ce musu. Kawu kuwa masu ganga yake kiransu.

Kullum da safe, kafin ya kunna injin ruwa, sai ya je kusurwar nan ya durƙusa ya duba ƙasa. In ya ga garin itace ya zubo a gindin gungume, sai ya ce, "An yi aiki jiya." Daga nan ya kafa kunne a jikin itacen, ya lumshe ido, kamar mai sauraren labaran duniya. Ya bar tumfafiya ta girma a bayan banɗaki don suna son furenta, ya ce wa tsohon kafil maganin basir ce. Shekara goma ba wanda ya taɓa ta.

Ni kuwa, don Allah ya nuna ikonsa, aikina feshin maganin ƙwari ne, a wani kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu. Kawu ya raɗa mini Sarkin Yaƙin Kyankyasai. Duk Juma'ar da na je gaishe shi, gaisuwar ɗaya ce.

"Sarkin Yaƙi, nawa aka kashe a makon nan?"

"Miliyan tara, Kawu, ban da waɗanda suka gudu da rauni."

"A cikinsu ka san sunan guda?"

Wannan ita ce tambayarsa ga kowa. In ya ga mutum ya ɗaga takalmi, ba ya cewa kada ka kashe. Cewa yake, "Ka san sunanta?" Kafin mutum ya gama tunanin amsa, abin ya tashi.

Da haka ma suka haɗu da Likita. Likita ya kama hayar istirahar don sunan 'yarsa, wani baƙo ya ɗaga silifa zai make wani rawayan ƙwaro a kan furen gauta, Kawu ya riƙe masa hannu. Ya sa ɗayan hannun ya cafke ƙwaron a tafinsa, yana ta ƙugi a ciki. Mata suka watse. Kawu ya ce, "Namijin ne. Hayaniya gare shi, ba shi da harbi. Kamar ɗan ƙanwata." Yana nufin ni. Ya buɗe hannu, ƙwaron ya tafi.

Likita ya bar baƙinsa ya zauna da shi a bakin rijiya. Ya fito da waya ya nuna masa wani shafi na 'yan sa-kai. Mutanen duniya ne, manoma da malamai da 'yan fansho, kowa ya ɗauki hoton ƙudan zuman dajin da ke inda yake, ya saka, da rana da wuri. Waɗanda suka san kan abin su duba su faɗi irinsa, sai ɗigo ya fito a taswira. Ta haka ake sanin wanne ke ina, wanne kuma ya fara ɓacewa. Kawu ya ƙura wa taswirar ido. Wasu ƙasashen ɗigo kamar an zubar da buhun gero. Gefenmu kuwa jefi-jefi.

Ya ce, "Wato ba su san masu gangan lambun nan suna nan ba?"

Likita ya ce, "Ba wanda ya gaya musu, Baba."

"Ashe ba su da iƙama, ba takardar izinin zama."

"Kusan haka ne."

"To, a yi musu."

Kawu bai iya boko ba, ajami ne nasa. Likita ya buɗe masa shafin, ya nuna masa inda zai danna, shi ne kuma yake karanto masa amsoshi ta saƙon murya. Hoto uku ake so, baya da gefe da fuska. Ita kuwa mai ganga ba ta tsayawa hoto. Dabarar ita ce a kife ta da kwalba tana kan fure, a sa ta a sanyi na ɗan lokaci har jikinta ya mutu, a ɗauka da sauri, a mayar da ita kan furenta ta sha rana ta tashi. Kawu ya fara da firjin gidan. Ran nan mahaifiyar ɗan kafil, tsohuwa mai hawan jini, ta buɗe neman nono, ta tarar da kwalabe huɗu a jere kowace da baƙin abu yana kallonta. Mutanen Batha sun rantse sun ji ihun. Bayan haka Kawu ya sayi 'yar kula tasa, yana zuba ƙanƙara.

A cikin masu duba hotunan akwai wata tsohuwa, malamar makaranta mai fansho, a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. Ba su taɓa jin muryar juna ba. Ita ta fi kowa amsa masa, kuma ba ta da sassauci. Sai ta ce bayan ya fito, a sake na fuska. Kawu ya ce ta fi ma'aikacin fasfo tsanani, amma in ta yaba hoto, ranar har shayi yake ƙara wa sukari. Malama yake ce mata. Ya koyi raba masu yanke ganyen fure zagaye-zagaye da masu haƙa rami a ƙasa, da wasu ƙanana masu ƙyalli kamar kore. Duk a lambu ɗaya, wanda ni na ɗauka ba komai a cikinsa sai sauro.

Malama ce ta gaya masa cewa a ƙasarsu wasu masu gashi suke ƙirgawa, buzu-buzu kamar tumaki. Ba a jima ba sai ga irinsu a istiraha. Ɗan kafil ya kafa rumfar leda ta tumatir, ya sayo su a kwali daga waje, don su riƙa girgiza fure. Kawu ya ɗauke su hoto, amsa ta zo cewa baƙi ne, a kula kada su fita. Da zafi ya shigo suka ƙare. Aka jefar da kwalin, aka yi odar wani.

Muna zaune a bakin rumfar Kawu ya ce, "An kawo su a kwali, sun yi aiki, zafi ya gama da su, an aiko da wasu. Wa wannan ya tuna maka?"

Na ce, "Ba kowa, Kawu."

Muka yi dariya, amma ba ta yi daɗi ba. A bayanmu masu ganga na ta girgiza furen gauta a fili, ba wanda ya yi odarsu.

Kada in manta da abin da ya yi mini. Shekarar da na zo, kamfanin da ya kawo ni ya rufe, na rasa wurin kwana. Wata bakwai na yi a ɗakinsa na kusa da injin ruwa. Ya bar mini gadon, shi ya shimfiɗa tabarma, ya ce gado yana sa masa ciwon baya. Na yarda, don na so in yarda. Ranar da na tashi ya koma kan gadon, ya yi barcin da sai da aka buga masa ƙofa. Bai taɓa ambata wata bakwan nan ba, ko a cikin faɗa.

Faɗa kuwa mun yi, sau ɗaya.

Rina ta gaske, ja, ta harbi wani baƙo a wurin walima. Ɗan kafil ya kira kamfanin feshi, kamfanin ya zama namu, mudir, wato manajanmu, ya turo ni. Gidan rinar yana can ƙarƙashin rufin gareji, ina ganinsa. Da na fesa shi kaɗai da aiki ya yi. Amma takarda ta ce lambu gaba ɗaya, ɗan kafil yana tsaye da tabarau yana kallo, ni kuma iƙamata a hannun mudir take. Kawu ya je ya zauna a gaban gumaguman, ya baje jallabiyarsa, ya ce da Larabcinsa na kasuwa a fesa har da shi. Ɗan kafil ya ce khalas, shi ke nan, a bar wa Ammi itacensa. Sauran kuwa na fesa. Gauta, fure, tumfafiyar bayan banɗaki, ban bar komai ba. Ina yi ina waƙa a cikin takunkumi don kada in ji shirunsa.

Washegari ya bi lambun ya tsince su. Ya shimfiɗa farin ƙyalle ya jera su, ya ɗauki kowace hoto uku, baya da gefe da fuska, ya saka a shafin. Ya ce wa Likita a rubuta cewa feshi ne. Sannan ya zuba su a gwangwanin kifi ya ba taubashina ya kawo mini har masaukinmu.

Taubashi ya miƙo mini ya ce, "Baba ya ce ga ganimar Sarkin Yaƙi."

Na ce, "Ka ce masa na gode, za a raba wa dakaru."

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Baki ne, yana rigana. Daga Sha'aban har Layya Kawu bai yi mini magana ba. In na yi sallama ya amsa, don wajibi ne, sai ya juya ga tiyonsa. Ni da ke iya sa gawa dariya, na kasa sa shi ya ɗago kai. Bayan Layya sai ga wayarsa. Ya ce, "Hannuna ya fara rawa. Zo ka riƙe mini kwalba." Na je na riƙe. Ba a sake ta da maganar ba.

Rawar hannun nan ita ce farkon ciwon. Da sanyin bana ya shigo aka kwantar da shi. Ranar da ya yi wasiyya, maganar gida da gona da matarsa ya gama ta da ɗansa cikin minti biyu. Da taubashi ya fita alwala sai ya yafito ni.

"Sarkin Yaƙi, kai ke da mota."

"Ta kamfani ce, Kawu."

"Ran Juma'a taka ce. Likita ya ba da bayan gidansa. Yanzu duk suna cikin ramukansu, sanyi ya ɗaure su, ba za su fito ba sai zafi ya fara. Yanzu ne lokacin ɗauka. Ka toshe ramukan da auduga, ka ɗora su a tsaye yadda suke, kada ka kwantar. Ina rufe ido ɗan kafil zai kawo masu haƙa."

Na ce, "Haba Kawu, ku da za ku binne mu duka, ku dawo ku shayar da dabino."

"Na ji. Ka kwashe su."

"Me ya sa ba ku gaya wa ɗanku ba?"

"Shi haushinsu yake ji. Kai kuwa ka san abin da ka yi musu."

Mako shida ya yi a kwance bayan wannan maganar. Juma'a shida. Ɗaya na yi barci. Ɗaya an yi walimar wani a Batha, ni ne mai ba da dariya, ba a yi ba ni. Ɗaya na je har bakin istirahar, na ga gumaguman da nauyi, na ce sai na samo mataimaki. Sauran ban ma tuna ba. Duk sanda na je asibiti ya tambaye ni da ido, sai in ce, "Juma'a, Kawu, an gama shiri, har jiniya za a yi musu." A raina gani nake kwashe su kamar yarda ne cewa ba zai tashi ba. Haka nake gaya wa kaina yanzu. Wataƙila kuma lalaci ne kawai na sa wa riga.

Ran sadakar uku Talata ce. Na yi aiki har azahar, na iso bayan la'asar da motar kamfani. Tun daga ƙofa ƙamshi ya tare ni. Jama'a sun fi ɗari, 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram da 'yan Najeriya, an jera faranti a kan ciyawa. Na zauna na ci faranti ɗaya na shinkafa da naman rago, na ƙara. Kwana uku ina riƙe da bakina, ya gaji, ya kuɓuce.

Na ce, "Jama'a, wannan shinkafa ta ji hayaƙin gida. Tun da na baro Maraɗi ban ci irinta ba. In aka kai wa mara lafiya ita sai ya tashi ya nemi aure. Wane gwani ne ya samo itace a Riyad?"

Taubashi ya ce, "Na Baba ne."

Ya faɗa da jin daɗi. Tukunyar da aka aro ta fi ƙarfin gas, aka kafa murhu da bulo. A wurinmu kuwa itacen gidan mamaci da shi ake dafa sadakarsa, ba a tambayar kowa. Liman ma ya sa albarka, ya ce itacen da mutum ya tara da hannunsa, in aka ciyar da jama'a da shi, ladan yana isa gare shi.

Na tashi na nufi kusurwar. Ba komai sai shatinsu a jikin katanga, da garin itace a ƙasa. Telan nan ɗan Damagaram, shi ne ya yi girkin, yana kwashe garwashi da shebur.

Ya ce, "Itacen kirki, ya bushe sarai. Sai dai duk rami ne. Yana ta fashewa a wuta kamar gugguru. Wasu rinar ma suka rarrafo, ko tashi ba su iya yi, muka tattake su kada su harbi baƙi."

Taubashi ya biyo ni da faranti a hannu.

Na ce, "Ka san abin da ke cikin itacen nan?"

Ya ce, "Ai sun tafi tuni. Tun da Baba ya kwanta ban ga ko ɗaya ba. Na ƙwanƙwasa ma, shiru."

"Suna ciki. Barci suke yi."

"Wa ya gaya maka?"

"Kawu."

Ya ajiye farantin a kan bulo. Ya ce, "Ni bai gaya mini ba. Shekara shida in na zo gaishe shi cewa yake in rage murya kada in dame su. Wannan kuma kai ya gaya wa." Ya dube ni. "Yaushe?"

Na juya ina kallon shatin da ke jikin katanga.

"Taubashi, yaushe ya gaya maka?"

Shekara arba'in da wani abu bai taɓa jefa mini magana ban mayar masa da biyu ba. Ran nan na tsaya da shinkafar a cikina.

Shi ya ƙirga, ba ni ba. Ya ce, "Takwas muka fasa. Tara ne, ko?"

Na taran Liman ne ke zaune a kai. Gwiwarsa ba ta son tabarma, aka mirgino masa shi aka kwantar, aka shimfiɗa darduma. Lokacin kuwa ya ɗaga hannu ya fara addu'ar tashi. Liman ɗinmu in ya fara addu'a, sai ya bi annabawa ɗaya bayan ɗaya, ya gangaro kan iyaye da kakanni, bai bar kowa ba. Na durƙusa a gabansa ina cewa amin, idona a ƙarƙashinsa. Mutane suka ɗauka kukan Kawu ne ya kama ni a ƙarshe. Wani har ya dafa mini kafaɗa.

Da aka shafa na ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan tashi mini."

Ya ce, "Lafiya?"

"Amana ce kuke zaune a kai."

Ba auduga, da takardar goge hannu na toshe ramukan, guda biyar. Taubashi ya kama ɗaya gefen. Muka tsayar da shi a kujerar gaba, na ɗaura masa bel. A baya tankin feshi ne yana ta kwaramniya har ƙofar gidan Likita. Ashe ran Talata ma mota tana tafiya.

An haƙa wurin ninƙayar kafin a yi arba'in. Na koma maƙabarta sau ɗaya, na kasa gane dutsen Kawu a cikin duwatsu, na yi addu'a ga layin gaba ɗaya. Wayarsa an aika wa matarsa, cike da ƙudaje. Taswirar kuwa tana nan. In ka matso da ita kan bayan Badi'a za ka ga ɗigo sun taru wuri ɗaya, sun hau kan juna, kowanne da ranarsa. Duk wanda ya gani zai ɗauka har yanzu akwai wani abu a wurin ban da ruwa mai warin magani. Malama ta aiko tana tambayar me ya sa mai lambu ya yi shiru. Likita ya rubuta mata cewa ya rasu. Bai rubuta mata maganar shinkafa ba, kuma ban roƙe shi ya ɓoye ba.

Har yau feshi nake yi. Da shi nake ciyar da gida. Abin da ya canza, in na ɗaga bututun a kan fure sai in ji tambayar nan tasa, wani lokaci in karkatar da hannu, wani lokaci mudir yana kallo.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya sa shi a lambun da ba a feshi. Ya ba matarsa da ɗansa haƙuri. Ni kuma ya yafe mini Juma'a shida.

Da zafi ya fara shigowa Likita ya kira ni, ya ce ya ga garin itace a gindin gungumen. Na je. Rami biyar, huɗu shiru. Muka zauna har rana ta ɗaga, sai ga guda ta leƙo, baƙa, da gyalenta a kafaɗa. Ta tsaya a bakin ramin tana shan rana. Na ɗaga wayata.  Na danna sau ɗaya ta tashi.

Likita ya buɗe mini shafi da sunana, muka saka abin da na samu, wani baƙin dishi-dishi a jikin itace. Kafin mu gama shayi amsa ta zo. Malama ce. Likita ya karanto mini, ta ce ba a iya gane ko wace ce, a sake, a nuna fuska.

Na ce, "Ba komai, Likita. Juma'a zan dawo da kwalba da ƙanƙara."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

Na ce, "Gobe."